Instanceof ko kowane aji ya ɗauki kayansa? Ku ba ni shawara

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Manhajar biyan kuɗi nake gyara wa wani ofis a Yaba, da Java 8. Akwai babban aji (class), ƙarƙashinsa ƙananan azuzuwa na kati, tiransifa da USSD, kowanne da lissafin cajinsa. Azuzuwan na wani kamfani ne, ba ni da ikon taɓa su. In jera instanceof (mai duba ko abu na wane aji ne) a wuri ɗaya, ko da wata dabara? Juma'a oga ke jira.

Sadiq Obalende: Wa alaikumus salam. Sa wa kowane ƙaramin aji aikin lissafinsa, shi ke nan. Amfanin gadon da ƙananan azuzuwa ke yi daga babba ke nan.

Ɗan Agege: Yaya, na ce ba na iya taɓa su.

Hajiya Kod: Koma Java 21. Tun 2023 switch (umarnin zaɓi tsakanin hanyoyi) na duba nau'i, in azuzuwan sealed ne (wato an ƙayyade ƙananan da ke ƙarƙashin babban), ka manta ɗaya lambar ba za ta haɗu ba.

Baban Ilham: Ƙanena, guji instanceof! Na gaji aikin wani a Ikeja, ya barbaza shi ko'ina, a rasit, a caji, a rahoto. Aka ƙaro POS, na gyara wurare, ashe saura ɗaya. POS ɗin ya faɗa cikin else, inda duk abin da bai dace da sauran ba ke zuwa, aka daina cire caji, shiru har ƙarshen wata. Daga albashina aka zabtare, wanda ya rubuta kuwa yana Kanada abinsa.

Hajiya Kod: Da else ɗin kuskure yake jefowa, ran farko za ka gani.

Sadiq Obalende: To dabarar Visitor fa, wadda ke fitar da lissafin zuwa wani aji daban?

Hajiya Kod: Shi ma sai an sa wani aiki mai suna accept cikin kowane aji. Gara Ɗan Agege ya naɗe azuzuwan cikin nasa, instanceof ya tsaya a ƙofa ɗaya.

Baban Ilham: Hajiya, ke da ba ki taɓa riƙe manhajar kuɗi ba?

Mai Suya Dev: Ni ma instanceof nake yi: na rago ne ko na sa, sannan in faɗi kuɗi 😂

Sadiq Obalende: Kawo in gyara maka, dubu 80.

Baban Ilham: Dubu 80? Ƙasa da dubu 300 ba mai taɓa wannan a Yaba. Ku ne ke karya mana kasuwa.

Mai Suya Dev: Ku da ake biya ma. Wani Alhaji a Mile 12 tun azumi yake ce min "gobe", manhajar kuwa tana hannunsa.

Ɗan Agege: Jama'a, naɗewar nan fa, ta yaya?

Baban Ilham: Mai Suya, ka karɓi rabi kafin ka fara?