Ina kuke ranar da aka janye tallafin mai a Janairun 2012?

Tsohon Direba:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na gaya wa autana cewa na taɓa shan mai lita naira 65, ya ƙura mini ido kamar ina masa tatsuniya. Shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda suka gani da idonsu. Ranar Lahadi, 1 ga Janairu, 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafi, lita ta koma 141, kowa ina yake, kuma yaya ya kwana?

Ni a lokacin bas nake ja tsakanin Kano da Kaduna. Da safe na cika tanki a tsohon kuɗi, na sauke fasinja a Kawo. Kafin in yi lodin komawa labari ya bazu, wasu gidajen mai sun ja ƙofa, waɗanda ke buɗe sun sauya farashi, 'yan bumburutu kuwa abin da bakinsu ya faɗa shi ne kuɗi. Muka ƙara kuɗin mota, fasinja suka hau mu da zagi. Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta, ta ƙirga, bai kai ba. Na ɗauke ta a tsohon kuɗi, amma har muka wuce Kwanar Dangora ban daina lissafin balas ɗin mai mota ba.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka maka, Baba. Ni ƙosai nake soyawa, ban da mota ban da babur, sai na ɗauka abin bai shafe ni ba. Wayewar garin Litinin na aika yarinya niƙa, ta dawo da waken, wai kuɗi ya ninka. Na je da kaina, mai injin ya ce, "Hajiya, ba da ruwa yake aiki ba." Mai garuwa ma ya ƙara, tunda burtsatsen da yake ɗiba da janareta ake tayar da shi. Ga hunturu ana tsakiyarsa, itace ya yi tsada. Dole na rage girman ƙosan, yaran unguwa suna ta ƙorafi, ni kuma kunya kamar in nutse.

Ɗalibin Wancan Lokaci:
Ina cikin waɗanda suka kwana a shataletalen Silver Jubilee a Kano, wanda muka sa wa suna Dandalin 'Yanci. Abin da ba zan manta ba, lokacin sallah ya yi, muka yi sahu a kan kwalta, sai 'yan'uwanmu Kiristoci suka riƙe hannun juna suka kewaye mu har muka sallame. Ku tuna ko wata tara ba a yi ba da rikicin bayan zaɓen 2011, zukata ba su gama hucewa ba. Ni da na idar na waiwaya na gan su, hawaye ne suka zubo mini. Mata na aiko da abinci daga gidaje, wani ya kawo barguna saboda sanyi. Cikin dare aka zo aka tarwatsa mu da barkonon tsohuwa, na koma gida ba takalmi. Mahaifiyata ta rantse ba zan sake fita ba, ranar Litinin ɗin yajin aiki na haura katanga.

Ma'aikaci a Kaduna:
Wannan Litinin ɗin ce 9 ga wata, da ƙungiyoyin ƙwadago, NLC ƙarƙashin Abdulwaheed Omar da TUC, suka fara yajin aikin gama-gari. Kwana ɗaya kafin nan Majalisar Wakilai ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi, Tambuwal na kakaki, ta nemi a dakatar da matakin. Mun ɗauka shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba. Bankuna a rufe, kasuwa a rufe, ga dokar hana fita ta biyo baya. Albashin Disamba ya riga ya ƙare, mafi ƙarancin albashin ma naira 18,000 ne. Mai shagon layinmu ta ƙofar baya yake miƙo mana shinkafa bashi, yana rubutawa a littafi.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Ku yi mini afuwa, ni a lokacin ina ganin janyewar daidai ce. Na saurari Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, da Ngozi Okonjo-Iweala, tana ministar kuɗi, suna bayanin cewa 'yan tsiraru ke cinye kuɗin, man kuma ana tsallakawa da shi ƙasashen maƙwabta. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi daga baya ya nuna lallai akwai ɓarna. Inda na saɓa da su, an yi abin kwatsam ranar sabuwar shekara. Abokan cinikinmu 'yan Kudu da suka tafi gida Kirsimeti, da yawa sun maƙale don kuɗin motar dawowa ya gagare su.

Tsohon Direba:
Alhaji, gaskiyarka a nan. To amma ɓarawo daban, wanda aka hukunta daban. Ranar 16 ga wata ina jikin rediyo Jonathan ya ce lita ta dawo 97, ƙungiyar ƙwadago ta janye yajin. An yi alkawarin SURE-P, wato shirin zuba rarar kuɗin tallafin a ayyukan raya ƙasa, da motocin bas, ni dai a tasharmu ban ga ko ɗaya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Kuma mai niƙa bai sauko ba, Baba, ko kwabo. Ina cikin wannan jimamin, Juma'ar makon, 20 ga wata, bama-bamai suka tashi a Kano bayan la'asar. 'Yan biyuna suna Islamiyya, na fita nemansu ko mayafi babu. Sai bayan magariba wani maƙwabci ya kawo mini su a kan babur, kowanne ya ƙanƙame allonsa.