Sayo mota daga Amurka: nawa take kamawa kafin ta iso Katsina?

Abu Sumayya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motoci. Shekara uku ina tara kuɗin Toyota Corolla, sai ƙanena da ke karatu a Amurka ya nuna mini yadda ake sayar da irinta a gwanjon Copart, wani kamfanin gwanjon motoci a can, kuma farashin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da dillalai ke faɗa a nan. Shin in tura masa kuɗin, ko akwai abin da ban hango ba?

Tsohon Dillali, Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani tayin farko ne kawai. Bayan an sallama maka motar, akwai ladan masu gwanjo, da kuɗin ɗaukarta zuwa bakin teku, da na jirgin ruwa zuwa Legas, kuma duk da dala ake biyansu. Idan ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can sai babban nauyin ya taso, wato kuɗin fito. Tun 2022 hukumar kwastam ke ƙiyasta darajar mota da lambar jikinta, wadda ake kira VIN, saboda haka arhar da ka samu a can ba lallai ta rage maka abin da za ka biya ba. Kuma canjin dalar da ake lissafi da shi yana iya tashi motarka tana tsakiyar ruwa, kamar yadda mutane da yawa suka gani bayan da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a 2023. Idan kuɗin fito bai kammala a hannunka ba kafin jirgin ya iso, kuɗin ajiya zai riƙa hawa kullum, ga ladan mai fito, ga kawo ta Katsina.

Makanike, Ƙofar Marusa:
Yallaɓai, ni abin da ya fi damuna shi ne dalilin arhar. Yawancin motocin irin wannan gwanjo kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya. Wadda ta yi haɗari da sauƙi, domin ido yana ganin ɓarnar. Wadda ta sha ruwa kuwa takan iso tana ƙyalli, sai bayan 'yan watanni tsatsa ta ci wayoyinta, ƙwaƙwalwar motar ta rikice, a yi ta canza kaya ba a gano bakin zaren ba. Ka sa ƙanenka ya binciki tarihinta da lambar VIN a Carfax, shafin intanet mai bayar da tarihin motoci, kuma ya je ya ɗaga kafet ya duba alamar ruwa da idonsa.

Ummu Khalil, Katsina:
Malam, in an ce maka za a biyo da ita ta Kwatano da Maraɗi domin sauƙi, kada ka yarda. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairu, 2017. Maigidana ya sayi wata a hannun wani dillali da takardun fito da suka yi kama da na gaske, aka tare shi a hanya, aka duba aka ga na jabu ne, har yau motar ba ta dawo ba.

Abu Sumayya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji na Daura, zan kawo maka lambar motar da shekararta ranar Asabar, in Allah ya yarda, mu lissafa komai kafin in tura ko sisi.