Wai kwamfuta za ta iya faɗa mana abin da ke jan kuromosom?

Auwal: Jama'a ni fa wannan simuleshan (kwaikwayo a kwamfuta) da ake yi na rabuwar ƙwayar halitta, wato sel, ban yarda da shi ba. Kai da hannunka ka zuba lambobi, ka ce kinesin ya tura kaza, dainin ya ja kaza (furotin ne su biyun, masu aiki kamar ƙananan motoci a cikin sel), kwamfuta ta zana maka sifindul mai kyau, wato tsarin zaruruwan da ke raba kuromosom (ƙunshin kayan gado) gida biyu, sai ka fito wai ka gano wani abu. Abin da ka zuba shi ya fito, ina binciken?

Dakta Binta: Haba Auwal, lambobin nan ba daga ka ake kawo su ba ai. Tun 1993 aka kama kinesin guda ɗaya da hasken leza aka ga takunsa nanomita 8 ne (ma'aunin tsawo mai ƙanƙanta ƙwarai) a kan maikurotubul, wato zaren da ake gina sifindul da shi, daga baya aka tabbatar ATP ɗaya (makamashin sel) yake ƙonawa a duk taku, kuma in nauyi ya kai wajen pikoniyuton 6 (ma'aunin ƙarfi mai ƙanƙanta ƙwarai) sai ya cije ya tsaya. Aunawa aka yi.

Auwal: Na ji Dakta, amma wannan guda ɗaya ne a kan gilashi. Cikin sel fa? Ɗaruruwa ne, wani na kamawa wani na saki, wa ya ƙirga su?

Sadiq: To ai dalilin lissafin ke nan Yaya Auwal, kan mutum ba zai iya riƙe su duka ba. Ka duba abin da ya faru da ra'ayin Kirschner da Mitchison na 1986, cewa zaruruwan suna tsirowa suna janyewa barkatai har su dace su cafko kuromosom. Kowa ya karɓa don yana da daɗin ji, sai a 2005 Wollman da Mogilner da abokan aikinsu suka saka shi a kwamfuta da kuromosom 46 irin na mutum, lissafi ya nuna lalube kawai ba zai gama kamun a lokacin da sel ke gamawa ba, dole akwai abin da ke karkata zaruruwan wajen kuromosom, irin su RanGTP, wani furotin da ke taruwa kusa da kuromosom. Kwamfuta ta ƙi ba su abin da ake so, ka ga ba amshin shata take yi ba.

Hauwa: Ni ma ina da tambaya, wa ma ya ce motocin ne ke jan? A 1988 an nuna zaren da ke warwarewa daga baki yana jan kuromosom ba tare da ATP ba sam.

Auwal: Yauwa 'yar uwa, Allah ya biya ki! Kuma gwaji ne ya nuna, ba kwamfuta ba. Haka Nicklas a 1983, allurar gilashi ya sa ya tare kuromosom a sel ɗin fara (ƙwaron nan), sai da ya kai kusan pikoniyuton 700 kafin ya tsaya, alhali abin da ake buƙata a motsa shi bai kai 1 ba. Wane model ne ya hango wannan?

Dakta Binta: Babu, wannan kam ka ci. Amma allura ba za ta ce maka wa ya ba da nawa cikin 700 ɗin ba. Abin kamar jan igiya ne, ka toshe Eg5 (wani nau'in kinesin) da sinadarin monastrol, sifindul mai kai biyu ya rufta ya koma kai ɗaya, ka ƙara toshe dainin sai ga shi ya dawo kai biyu, an cire masu ja biyu abu ya gyaru, wannan in ba ka zauna ka lissafa ba ta ina za ka fara? Ni sharaɗina ɗaya, model ya faɗi sakamako kafin a yi gwajin. Wanda aka yi ta murɗa lambobinsa a manhajar Cytosim har ya yi kama da hoto, ni ma ba na saye.

Auwal: To irin waɗannan su suka fi yawa ai Dakta.

Sadiq: Da ka ce duka, yanzu kuma mafi yawa, Yaya a tsaya wuri ɗaya mana 😂

Auwal: Ina nan kan bakana. Ku kawo min na biyu bayan na 2005 ɗin tukuna.