Inda alkama ke ɓuya a abincinmu na Legas: abin da kowa ya gani da idonsa

Maman 'Yan Biyu, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watanni bakwai ke nan da likita ya tabbatar mini ina da cutar siliyak, wato hanjina ba ya jituwa da gulutin, sinadarin nan da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai. Tun daga lokacin na yi bankwana da burodin Agege duk da cewa ƙamshinsa ne ke tashin mu da asuba, na bar taliya da fanke da cincin da funkaso, na kuwa ga amfanin hakan. Sai ga shi ranar Asabar da ta wuce na sayi masa wajen matar da na saba saye a wurinta, kafin la'asar cikina ya kumbura tamkar ganga, na kwana biyu ina zaryar banɗaki. Da na ji dama na koma na tambaye ta, sai ta ce ai tana zuba fulawa gwangwani biyu a ƙullun shinkafar domin masar ta tashi, kada kuma ta farfashe a tanda. Ba ɓoye mini ta yi ba, ni ce ban taɓa tambaya ba, domin a sanina masa shinkafa ce. Ina roƙon duk wanda irin wannan ya taɓa samu ya faɗa mana inda ya gano tasa.

Mai Albasa, Mile 12

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni semo ne ya yaudare ni. Ganin sa fari tas ya sa na ɗauka ɗan uwan tuwon shinkafa ne, na yi wata guda ina cin sa da miyar agushi ina mamakin abin da ya hana ciwon tafiya, alhali kuwa tsakin alkama ne zalla. Da na koma amala da teba sai na ɗan samu lafiya, amma ba duka ba, har ranar da na leƙa bayan bukar da nake cin abinci na tarar muciya ɗaya ce ke tuƙa semo da amala, da mara ɗaya kuma ake kwashe su. Ƙosai ma haka: wake ne tsantsa, amma a man da aka gama tuyar fanke ake jefa shi.

Hajiya Babba, Idi-Araba

Sannu ɗiyata. Jikata ce ke da wannan lalura, kuma abin da ya fi ba mu wahalar ganowa shi ne injin niƙa. Mun cire duk abin da ke da alkama daga gidan, yarinya ba ta cin komai sai tuwon dawa da na masara da kunun gero, hatsin da babu gulutin a cikinsu ko kaɗan, amma ramar ta ƙi tsayawa, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa. Har mun fara zargin maganin da take sha.

Wata rana yaron aike ba ya nan, sai na ɗauki dawar da kaina na tafi wurin niƙa. Matar da ke gabana a layi alkama ta kawo, kusan rabin buhu, irin wadda mutanen garin nan suke niƙawa su yi tuwo. Ana gama nata mai injin ya juye tawa ba tare da ya kakkaɓe ko da bakin injin ba, na kuma ga farin garin da ya fara zubowa a robata kafin jan garin dawa ya biyo baya. Nan take na gane cewa wata shida muna ba yarinyar nan alkama da hannunmu.

Kada wani ya ce ai ɗan kaɗan ne. Likitanta ya bayyana mana cewa ƙa'idar da duniya ke bi kafin a kira abinci marar gulutin ita ce kada gulutin ɗin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya, wanda ke nufin ɗan abin da yatsu za su tsunkuno na fulawa ya isa ya ɓata kilo guda na gari. Da farko na shirya da mai injin in riƙa zuwa da sassafe ya wanke, mu niƙa kwano ɗaya na sauran mutanen gida sannan a niƙa nata, daga baya dai mahaifinta ya daure ya saya mana ƙaramin inji. Ku kula kuma da abincin maƙwabta, musamman da azumi: ɗanwaken yanzu yawancinsa da fulawa ake kwaɓa shi, wasu kuma suna zuba ƙwayar alkama a kunun gyaɗa. Mayar da kwanon maƙwabci da nauyi, don haka mukan karɓa mu yi godiya, ita kuma a ba ta nata daban.

Direban Tirela, Apapa

Ranki ya daɗe Hajiya, kin tuna mini da mai shayi. Ƙwai kawai nake sa a soya mini, amma a kaskon da aka dafa taliyar leda yake soya shi, ya danna burodin wani a ciki, ya kuma yanka mini albasa da wuƙar burodi. Yanzu dafaffen ƙwai nake saye in ɓare da kaina.

Anti Nas, Obalende

Yaya Maman 'Yan Biyu, sannu da jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk da haka lemon malt ya kayar da ni a wajen wani biki, domin hankalina yana kan abincin da ke faranti, na manta cewa daga sha'ir ake samo malt ɗin yawancin irin waɗannan lemuka. Tun ranar ba na sayen abin gwangwani ko na leda sai na juya bayansa na nemi kalmomi huɗu na Turanci: wheat, barley, rye da malt. Na same su a inda ban zata ba, kamar baƙin ruwan waken suya da ake zuba wa soyayyar shinkafa a gidajen abinci, da tsiran gwangwani, da wasu dunƙulen miya. Dunƙulen kam kowane kamfani da haɗinsa, sai an karanta. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, shaida ce ta rajista, ba ta nufin abu ba shi da gulutin. Kifi da kaza na gidajen abinci ma sau da yawa a fulawa ake birkiɗa su kafin suya.

Ina jan hankalin masu karatu da ba a gwada su ba tukuna: kada ku bar alkama kafin gwaji, domin gwajin jini da na hanji suna iya fitowa lafiya ƙalau idan mutum ya daɗe bai ci ba. Kuma ba kowane ciwon ciki ne na gulutin ba, musamman a garin da ruwan sha ke da nasa rigimar. Abin da ya taimake ni shi ne ɗan littafin da nake rubuta abin da na ci, da wurin da na saya, da lokacin da ciwon ya fara, domin wani lokaci sai washegari yake bayyana. Na kuma lura cewa idan ka tambayi mai abinci ko akwai gulutin, "babu" za ta ce, saboda ba ta san kalmar ba. Ka tambaye ta ko ta sa fulawa ko semo, da abin da ta soya a man kafin naka.

Maman 'Yan Biyu, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Babba, maganarki ta sa jiya na bi yarona wurin niƙa, na kuwa tarar da buhun alkama a jingine kusa da injin, saboda haka garin masarar da ke gida na bar wa yara. Mai masa ta yarda ta riƙa ɗibar mini ƙullu kafin ta zuba fulawa, sai dai na ce mata a gida zan soya, tunda tandarta ɗaya ce da ludayinta. Anti Nas, idan kin san inda ake samun acca mai tsabta a Legas wadda ba a auna ta da kwanon da ake auna alkama ba, don Allah ki sanar da ni kafin azumi.