Gudu a Karkarar Norfolk: Abin da Masu Hanyar Suka Ce

Da muka tattauna da masu gudu a Norfolk, gabashin Ingila, maganar da ta fi yawa ita ce ta teku. Hanyar gaɓar da ta tashi daga Hunstanton tana ratsa fadamun gishiri na Wells, Stiffkey da Blakeney, kuma ruwa kan cika ya janye sau biyu a yini. Shawararsu: duba jadawalin cikar ruwa kafin ka fita, ka bi kan tudun da aka ɗaga, kada ka yanke ta tsakiyar fadama. Wannan na fi riƙewa, domin ƙoramun fadamar kan cika ta bayan mutum yana kallon gaba. Daga Cley zuwa Weybourne tsakuwa ce zalla, tana cin gwiwa, a rage sauri.

Dajin Thetford, da aka fara dasawa a shekarun 1920, ƙasarsa rairayi ce, ba ta riƙe taɓo sosai. Sai dai akwai kaska, a duba ƙafafu da an dawo gida.

A gonaki kuwa, bi kibiya mai ruwan ɗorawa da ke nuna hanyar ƙafa, rufe ƙofar shinge idan a rufe ka same ta, ka kewaye saniya mai ɗan maraƙi da tafiya.