Harafin "bi" a Larabci, wai ko yaushe "da" yake nufi?

dalibin_nahawu:

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa ɗalibai. Dan Allah tambaya gare ni kan ba'un ɗin nan da ake liƙawa a farkon kalma, wato bi ɗin cikin bismillahi. An koya mana harafin jarri ne, wato mai sa wa sunan da ke bayansa wasalin kasra, kuma ma'anarsa "da", toh katabtu bil ƙalami wannan ba matsala, na rubuta da alƙalami. Amma wa laƙad nasarakumullahu bi Badrin fa, in na ce Allah ya taimake ku da Badar ai magana ba ta zauna ba. Haka kafa billahi shahida, Allah ne fa'ili wato mai aikin a nan to me bi ya zo yi a jikinsa har ya sa masa kasra? Ma'anoni nawa gare shi ne wai, kuma ta yaya mutum zai gane wacce ake nufi?

Abu_Sibawaihi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ibnu Hisham wanda ya rasu 761 bayan hijira ya ƙirga masa ma'ana 14 a littafinsa na nahawu Mugnil Labib, amma kar adadin ya tsorata ka, Sibawaihi babban malamin nahawu guda ɗaya ya tsaya a kai wato ilsaƙi, manne abu da abu, sauran duk rassa ne. Amsaktu bi Zaidin, na riƙe Zaidu hannuna a jikinsa, wannan mannewa ta zahiri kenan, marartu bi Zaidin kuma na wuce daf da inda yake.

Kuma gaskiya mai jin Hausa ya samu sauƙi a babin nan, don "da" ɗinmu shi ma ba aiki ɗaya yake ba. Na yanka da wuƙa, kayan aiki kenan, shi ake kira isti'ana. Ka sauka da aminci, ihbiɗ bi salamin a suratu Hud, wannan musahaba ce wato tare da. Na rantse da Allah, uƙsimu billahi. Har lokaci ma muna cewa da asuba, da dare, to najjainahum bi saharin a suratul Ƙamar haka yake, mun tserar da su da jijjifi. Inda "da" yake ƙarewa shi ne wuri, shi ya sa bi Badrin ya ƙi maka, can ma'anar harafin fi wato "a cikin" yake ɗauke da ita sai ka ce a Badar.

Hanyar ganewa ita ce ka cire bi ɗin ka gwada saka wani harafi a gurbinsa ka ga wanda ya zauna. In fi ya zauna zarfiyya ce, in ma'a wato "tare da" ya zauna musahaba, in "saboda" ya zauna sababiyya ce kamar fa kullan akhazna bi zanbihi, kowa mun kama shi saboda zunubinsa. In harafin an na Larabci ya zauna mujawaza, kamar fas'al bihi khabira, ka tambayi masani game da shi. Sannan ka riƙa duba fi'ilin da ya rataya da shi, rabin amsar tana can. Zahaba shi kaɗai ya tafi ne, amma zahaballahu bi nurihim Allah ya tafiyar da haskensu, bi ɗin ne ya ƙetarar da aikin zuwa kan maf'uli wato abin da aikin ya faɗa wa, shi ne ta'adiya.

Na kafa billahi kuwa za'ida ake ce masa wato ƙari, in ka cire shi jimla tana nan daram, kafallahu shahida. A i'irabi sai ka ce majruri ne a lafazi marfu'i a mahalli, wato kasra ce a furuci amma matsayinsa na fa'ili ne. Yana yawan zuwa a habarin laisa, alaisallahu bi ahkamil hakimin. Sai dai malamai da yawa ba sa son kalmar za'ida a Alƙur'ani don kar wani ya ɗauka harafin banza ne, sai su ce sila ko ta'akidi, ƙarfafa magana yake yi.

Ummu_Tilmiza:

Allah ya saka da alheri malam. Ni wanda nake so a kula da shi shi ne na musaya, don a nan mutane ke juya magana ba su sani ba. Ƙa'idar ita ce bi yana hawa kan abin da aka rabu da shi ne, ba wanda aka karɓa ba. Ishtarawud dalalata bil huda, bi yana kan huda, toh shiriya suka bayar suka karɓi ɓata. Haka atastabdilunal lazi huwa adna billazi huwa khair, mafi alherin shi ne za a saki. Yanzu sai ka ga a rubuce-rubucen zamani mutum yana so ya ce ya canza tsohuwar mota ya karɓi sabuwa sai ya liƙa bi ɗin a jikin sabuwar, a ƙa'idar asali kuwa ya ce ne ya ba da sabuwa ya karɓi tsohuwa, lol.

Wani ɗan abu kuma na rubutu, alifin ismi yana faɗuwa a bismillahir rahmanir rahim saboda yawan amfani, amma a iƙra bismi rabbika yana nan a rubuce, duba mus'hafi za ka gani.

mai_bibiya:

Ba a taɓo babbar mas'alar ba ai, wamsahu bi ru'usikum a ayar alwala, Ma'ida aya ta 6. Harafi ɗaya tal amma mazhabobi sun rabu a kansa. Shafi'iyya suka ce ko ɗan sashe na kai ka shafa ya wadatar, da yawansu suna kafa hujja da cewa bi ɗin na tab'idi ne wato ma'anar min, wani sashe na abu, irin ainan yashrabu biha ibadullah. Hanafiyya suka ce rubu'in kai, suna haɗawa da hadisin Mugira ɗan Shu'uba na shafar makwarkwaɗa. Malikiyya da Hanbaliyya suka ce duka kan za a shafe, ko dai bi ɗin na ilsaƙi ne ko na ƙarfafawa, kuma hujjar da ni ta fi kwanta min ita ce a cikin ayar dai aka ce famsahu bi wujuhikum a taimama, kuma ba a cewa rabin fuska ya isa, ga hadisin Abdullahi ɗan Zaidu da ya nuna Annabi (SAW) ya faro daga goshi ya kai ƙeya ya dawo. Nahawu kaɗai ba zai yanke wannan ba sai an haɗa da hadisi.

Abu_Sibawaihi:

Haka ne. Shi kansa tab'idin ma ba kowa ya yarda bi yana da shi ba, Asma'i da Abu Aliyil Farisi da Ibnu Malik sun tabbatar da shi, wasu kuma suka ce a'a fi'ilin ne aka cusa masa ma'anar wani, yashrabu biha wato yarwa biha, su ƙoshi da ita, sai bi ya zauna a ma'anarsa ta asali. Tadmini kenan.

Irin wannan ce ta faru a udkhulul jannata bima kuntum ta'amalun ta suratun Nahli, ga kuma hadisin da ya ce ba wanda zai shiga aljanna bi amalihi. Ka ga kamar sun yi karo alhali bi biyu ne daban. Ibnu Taimiyya ya ce na ayar sababi ne, aiki dalili ne na shiga, na hadisin kuma musaya ce aka kore, aikinka ba kuɗin sayen aljanna ba ne. Ibnu Hisham shi kuma juyawa ya yi, ya ce na ayar shi ne na musaya na hadisin na sababi, don mai bayarwa da musaya yana iya bayarwa kyauta, amma abin da ya rataya ga sababi ba ya samuwa sai da shi.

dalibin_nahawu:

Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Saura ɗaya malam, billahi da wallahi da tallahi duk ɗaya ne?

Abu_Sibawaihi:

Duk rantsuwa ce amma bi shi ne tushe shi ya sa ya fi su faɗi. Za ka iya bayyana fi'ili tare da shi ka ce uƙsimu billahi, ba a cewa uƙsimu wallahi. Yana shiga kan lamiri ka ce bika, wawun kuwa sai suna bayyananne, ta'un kuma kusan sunan Allah kaɗai yake shiga, kamar tallahi la akidanna asnamakum a suratul Anbiya.