Muhawarar zauren 'yan kifi na Kabi: wai kifin teku yana ƙarewa?

Ɗan Yauri: Salamu alaikum. Na ji ana cewa kifin teku ya kusa ƙarewa. Ni ban yarda ba. Kifi ɗaya ƙwai dubbai yake zubawa, teku kuma ta fi tudu faɗi. Turawa ne ke tsorata mutane don a bar musu ruwan.

Hajiya mai kifin kwali, Birnin Kabi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina bayanka rabi. Tsadar titus da shawa dala ce, ba teku ba. Ranar da naira ta faɗi, ranar kwali ke tashi.

Malamin makaranta, Argungu: Hajiya, batun dala gaskiya ne, amma bai kore ɗayan ba. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na tarin kifin teku ake kamawa fiye da yadda yake hayayyafa. A 2021 ya kai kashi 37.7. Kuma an ga inda ya ƙare ɗin. A gaɓar Newfoundland ta Kanada an shekara ɗaruruwa ana kamun kifin kod, dangin wanda ake busarwa a kawo mana daga Norway. Da manyan jiragen kamun kifi suka share ƙasan ruwan, a 1992 gwamnati ta hana kamunsa, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Har yau bai koma yadda yake ba.

Ɗan Yauri: To Malam, ashe su suka ɓata nasu. Mu da kwalekwale me ya shafe mu?

Baba na Warra: Yaro, bar zancen Kanada, zo bakin ruwa. Bayan an tare Kainji a 1968, giwan ruwa sai mutum biyu sun ɗauka. Yanzu leƙa kwando: 'yan ƙarfasa da ba su kai tafin hannu ba. Ana jan taru mai ƙananan ido, wasu har gidan sauro suke ja, a kwaso 'ya'yan kifi tare da warangi, a shanya su a kan yashi. Ƙwai dubbai ɗin da kake faɗi, wa ya bar su suka girma? Ba Bature ya ja tarun nan ba.

Hajiya: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma mai jan gidan sauro abincin dare yake nema. Ni haushina jiragen waje ne, da masana'antun Muritaniya da Senegal da Gambiya masu niƙe ƙananan kifin da talaka ke ci, a mayar da shi gari, a fitar don ciyar da kifin gona a wata ƙasa.

Malamin makaranta: Nan mun haɗu. Da yawa daga jiragen nan tallafin gwamnatocinsu ke riƙe da su, shi ya sa hukumar cinikayya ta duniya, WTO, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙulla yarjejeniyar rage tallafin a 2022. Ɗan Yauri, hana kamun kifi na wani lokaci ma ba baƙon abu ba ne. Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifi a Argungu, ana kulle ta ne har ranar biki, shi ya sa ake fito da manya.

Ɗan Yauri: Matan Fada rana ɗaya ce a shekara, Malam. Ni kullum sai na ciyar da gida. A hana ni wata uku, wa zai ba ni hatsi?

Baba na Warra: Wannan ka tambayi Sarkin Ruwa da gwamnati, zan raka ka. Amma tarun nan dai ka sauya shi.